Makullin da Ya Rage a Allo

Mai Makulli ɗa ne ga Mai Kwaɗo, jika ga Maƙerin Gindin Tudu, wanda shi ne ya fara hura wuta a wannan layi tun ba a shimfiɗa masa dutse ba. Ta wajen uwa kuwa jikan masassaƙi ne mai yin ƙyauren ƙofa. Saboda haka tsofaffin unguwa kan ce ƙofa ce ta ƙulla auren iyayensa, gida ɗaya na sassaƙa ta, ɗaya na kulle ta. Kakan ya ƙera, uban ya sayar, shi kuma ya haɗa biyun gwargwadon zamaninsa: yana sayar da kwaɗo da sakata da sarƙa da ƙusa, yana kuma yanka makulli da wani ɗan inji da ya saya a shekarar da ya yi aure. A lokacin da abin da za a faɗa ya faru, shekarunsa saba'in da ɗaya, hamsin da uku daga cikinsu a bayan kanta ɗaya ya yi su.

Shagon ba wani babba ba ne, taku shida a tsawo, huɗu a faɗi, da warin mai da tsatsa wanda ya kama bango har ya zama na gida. Abin da ya bambanta shi da sauran shagunan layin yana rataye a bayan kanta, inda hannun mai saye ba ya kaiwa. Wani allo ne na baƙin katako, an kafa masa ƙusoshi jeri-jeri, kowace ƙusa da makullinta. Waɗannan makullai ba na sayarwa ba ne. Tun zamanin kaka, duk wanda ke zaune a layin yakan yanka makulli biyu, ya riƙe ɗaya, ya kawo ɗaya ajiya. Yaro ya taso daga makaranta uwa na kasuwa, sai ya biyo ta shagon. Maigida ya yar da nasa a hanya, sai ya biyo ta shagon. Tsohuwa ta kwana biyu ba a ji motsinta ba, sai danginta su zo a ɗauki makulli a tafi tare. Ba a taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ajiya ba, sai dai wanda ya bar makullinsa a wurinka ba ya zuwa wani wuri sayen ƙusa.

Dokoki biyu ne ke tafiyar da allon, Mai Kwaɗo ne kuma ya kafa su. Ta farko, ba a rubuta suna, ba a rubuta lamba, ba a ɗaura ko zare don shaida. Ta biyu, ba a zura makullin amana a ƙofa sai mai ƙofar ko jininsa na tsaye. Da ɗansa ya tambaye shi dalilin ta farko, cewa ya yi, "Ranar da ɓarawo ya fasa shagon nan ya tarar da allo da sunaye, ba shago ya fasa ba, unguwa ya fasa. Takarda ba ta san wanda take gaya wa magana ba." Don haka a kai ake riƙe komai. Yana saurayi uban kan zube makullan a kwano, ya sa shi ya rufe ido, ya ɗauko ɗaya ɗaya yana shafa haƙoran da babban yatsa yana faɗin mai shi. Sai da ya yi haka sau uku ba kuskure aka yarda ya zauna a shagon shi kaɗai. A shekarun da layin ke cike da mutanensa, makullan sun haura ɗari biyu, bai taɓa miƙa wa wani na wani ba.

A saman tudun da layin ya nufa akwai wani tsohon gini mai hasumiya. Mutanen unguwa sun girma suna shanya a gindinsa, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Wata shekara aka zo aka kewaye shi, aka yi masa fenti da fitilu, aka sa mai karɓar tikiti a bakin ƙofa. Daga nan manyan motoci suka fara tsayawa a ƙasan layi suna zazzage masu yawon buɗe ido, ayari-ayari, kowane ayari da jagoransa yana ɗaga laima don kada a ɓata. Su hau, su yi minti arba'in, su gangaro.

Da farko kowa murna ya yi, har da Mai Makulli, domin layin da ya samu ƙafa ai ya samu kasuwa. Sai dai ƙafar baƙo daban, ƙafar ɗan gida daban. Baƙo ba ya sayen sakata. Ba ya sayen kayan miya, ba ya kawo takalmi gyara. Cikin shekara goma mai burodi ya tashi, mai kayan miya ta tashi, mai gyaran takalmi ya koma sayar da tabarau. Shago goma sha tara a layin suka koma sayar da abu iri ɗaya: huluna masu hoton hasumiya, kofuna masu hoton hasumiya, da ƙananan hasumiyoyi masu maganaɗisu na liƙawa a jikin firji, waɗanda mota ɗaya ke kawo wa kowa ranar Talata daga wata ƙasar da masu yin su ba su taɓa ganin hasumiyar ba. Gidajen kuma aka riƙa saye ana yanka su ɗaki-ɗaki, ana mayar da su masauki. Iyalan da suka rage suka ga sai sun shiga mota kafin su sayi allura, su ma suka bi sahu zuwa sabuwar unguwa da ke bayan tasha. Sababbin ƙofofin ba su da ramin makulli, lambobi ake latsawa.

Maƙwabcinsa na hannun dama Mai Agogo ne, abokinsa tun ƙuruciya. Sunan ne kawai ya rage masa, domin ya daɗe da tattara kayan gyaran agogo ya tura ƙarƙashin gado, ya cika shagonsa da huluna. Kullum da safe, in ya gama jera kaya, sai ya leƙo.

"Tsoho, yau ƙusa nawa muka sayar?"

"Sarkin Tsaraba, je ka tare hanya, ga iyayen gidanka can sun sauko daga mota."

"Sabo turken wawa. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Ka kawo huluna dozin biyu ka gani."

"Na ga taka rawar. Wata huɗu kana tsalle, wata takwas kana kallon bango."

A nan Mai Agogo kan yi dariya, amma dariyar ba ta nisa, saboda gaskiya aka faɗa. Baƙi na da lokacinsu. In ya wuce, layin kan koma kamar an yi shara. Ko a cikin lokacin ma, jagora ba ya tsayar da ayarinsa sai a shagon da ya san hannunsa zai jiƙe, sauran sai dai su ga ƙeya. Wata rana da ba kowa, Mai Agogo ya zauna a bakin kantar abokinsa ya ce, "Ka san abin da ya fi damuna? Da, in na gyara wa mutum agogo ya tsaya, gobe zai zo ya zage ni, in ji kunya, in sake. Yanzu wanda na sayar wa ba zan ƙara ganinsa ba har abada. Ko kofin ya fashe a jakarsa, ba mai zuwa ya zage ni. Mutum ya rasa mai zaginsa, ai ya rasa kasuwa."

Shi kuwa Mai Makulli, baƙin sun fi son shagonsa da kowane shago, amma don hoto. Su tsaya a bakin ƙofa, su nuna allon, su ɗauka, su yi masa murmushi, su wuce. Wasu kan tambayi kuɗin makullan da ke jiki, ya girgiza kai. A lokacin saura talatin da bakwai, yawancinsu kuma masu su sun tashi ba su waiwaye su ba.

Wata Litinin da hantsi ɗan mai ginin da shagon ke ciki ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya gaida shi har da rusunawa, ya ƙi zama sai da aka ce ya zauna. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya fito da maganar. Masu askirim ne ke son wurin, shagunansu takwas a garin, kuma 'yan'uwansa da suka yi tarayya a gadon sun riga sun amince. Wata uku aka ba Mai Makulli ya tashi.

Mai Makulli ya daɗe yana goge kanta da tsumma, ko da yake ba ƙura a kai. Sannan ya ce, "Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, makullinsa shekara ashirin da biyu a allon nan. Jeri na biyu, ƙusa ta huɗu."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na zo da ƙafata, ban aiko takarda ba."

"To, ka kyauta. Allah ya yi albarka."

'Ya ɗaya gare shi, ma'aikaciyar asibiti, tana aure a sabuwar unguwar bayan tasha. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Tun rasuwar uwarta take fama da shi ya dawo kusa da ita, yana ƙi. Da ta ji labari ta zo a ranar, ba ta ɓoye cewa wani ɓangare na zuciyarta ya ji sanyi ba. Ta ce akwai rumfa a bakin titinsu, ana ta gine-gine a can, kowa na neman kwaɗo da sakata, rabin mutanen ma nasa ne na da.

"Baba, kasuwarka ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ta yi. Ka bi ta."

"Zan bi ta, Uwata. Amma sai na sauke allon nan. Kowane makulli sai ya koma hannun mai shi."

"Makullan gidajen da aka sayar? Wa zai tambaye ka?"

"Ba sai an tambaye ni ba."

Haka ya shiga aikin mayar da amana. Da safe ya buɗe shago, in rana ta take ya rufe, ya zuba makulli uku ko huɗu a aljihu ya shiga mota. Ya sami tsohuwar ungozomar unguwa a hawa na biyar na wani dogon gini, a gidan ɗanta, ta shekara biyu ba ta sauko ƙasa ba saboda gwiwa. Ta karɓi makullin ta juya shi a tafin hannu.

"Kai dai ba ka canza ba. Ƙofar nan an cire ta, gilashi aka sa, jikata ta nuna mini a waya. Me zan buɗe da shi?"

"Naki ne, Inna. Abin da za ki yi da shi ba ruwana."

"Ni na yanke wa 'yarka cibiya, ka zo kana yi mini ba ruwanka." Ta ɗaure shi a bakin mayafi, ta ja ƙulli biyu. Sai ta shiga tambayar mutanen layi gida-gida, yana ba ta amsa, wane ya tashi, wane ya rasu, har ta ce ya isa haka.

Ba kowa ne ya karɓa kamar ita ba. Ɗan wani direba ya yi dariya ya jefa nasu cikin gwangwanin tarkace tun Mai Makulli bai juya baya ba. Wata mata ta ɗauka roƙo ya zo, ta shiga ciki ta fito da abin sadaka. Mutum huɗu sun rasu, sai da ya bi diddigin magadansu. Biyu sun bar garin, ya ba direbobin tasha makullansu da kwatance, ya kuma jira har aka kira shi aka ce sun isa. Cikin wata biyu da kwanaki allon ya koma ƙusoshi tsirara, in ban da jeri na ƙarshe, ƙusa ta uku.

Ƙaramin makulli ne na farin ƙarfe, haƙora shida, ba yankan injinsa ba. Ya sauko da shi, ya rufe ido, ya shafa da babban yatsa kamar yadda aka koya masa. Ba suna. Ya mayar, ya yi sallah, ya sake saukowa. Ba suna. Kwana uku yana wannan, sannan abin da ya iya tunowa ya zo masa a gutsure. Shekara takwas ke nan, a makon da matarsa ke kwance a asibiti, lokacin da yakan buɗe shagon awa ɗaya kawai don kada masu ajiya su rasa shi. Ana ruwa. Wani ya shigo da jiƙaƙƙun kaya, ya ajiye makulli a kan kanta, ya ce a riƙe masa, tafiya ta kama shi. Shi kuma ya rataye, hankalinsa na gadon asibiti. Ya tuna ɗigon ruwan a kan kanta, ya tuna hannun, amma fuskar ta ƙi zuwa. Da farko ya tabbata namiji ne. Da ya matsa wa kansa, ko wannan ma ya fara shakka.

Ya nuna wa Mai Agogo. Ya juya shi ya ce, "Ni fuskar agogo na sani, ba ta makulli ba. Ka jefa shi a kwata, ka ce ka mayar. Ni ne shaida."

"Shi ya sa ba a taɓa ba ka ajiya ba."

Ya koma wurin ungozoma, ya tambayi duk wanda ya mayar wa nasa ko ya san wanda ya yi tafiya a wannan shekara. Aka ba shi sunaye biyar, ya bi su duka, ba mai shi a ciki. Saura kwana goma sha ɗaya wa'adi ya cika.

A nan ne ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya yi tunanin cewa in kai ya manta, ƙofa ba ta mantawa. In ya sami ƙofar da makullin ya buɗe, zai san gidan, in ya san gidan zai san wanda ya zauna a ciki shekara takwas da suka wuce. Ya san wannan karya dokar mahaifinsa ta biyu ce, amma ya ga ba shi da wata hanyar gyara abin da ta farko ta jawo masa. Bai gaya wa kowa ba. Ya bi layin da lungunansa yana duba ƙofofi. Cikin kusan casa'in, goma sha huɗu ne kawai ke da sauran ramin makulli.

Ranar farko ya gwada biyar, da tsakar rana, lokacin da yake ganin baƙi duk suna kan tudu. Makullin ko shiga bai yi ba a huɗu, a ɗaya ya shiga ya ƙi juyawa. Rana ta biyu ya gwada uku. A ƙofa ta tara, wata koriya a lungun da mai burodi yake a da, makullin ya shige har gindi. Ya murɗa a hankali, ya ƙi. Ya ɗan ja baya ya sake murɗawa, ya jijjiga, irin yadda ake lallashin tsohon kwaɗo. Bai san akwai mutum a ciki ba. Wata baƙuwa ce da ɗanta mai zazzaɓi, ba su fita yawo ba. Ta ga hannun ƙofa na motsi, ta ƙwalla ƙara da harshenta.

Maigadin da kamfanin masaukin ya ɗauka, wanda bai fi wata biyu a layin ba, ya zo a guje ya cafke shi ta wuyan riga. Hularsa ta faɗi. A daidai lokacin wani ayari ke gangarowa, suka tsaya, wayoyi suka ɗagu. Mai Makulli ya duba fuskokin da suka kewaye shi a lungun da aka haife shi, yana neman guda ɗaya da zai ce wa, gaya musu ko ni wane ne. Bai samu ba. Haka aka tasa shi gaba, kai ba hula, har ofishin 'yan sanda da ke ƙasan layi.

Jami'in da ke kan tebur bai kai sa'ar 'yarsa ba. Ya ajiye makullin a gabansa ya ce, "Baba, da girmanka. Me kake nema a ƙofar mutane?"

"Mai makullin nake nema."

"Wane ne shi?"

"Da na sani, da ban taɓa ƙofar ba."

Ya yi bayanin allon daga farko, a tsanake, har da dokokin biyu. Jami'in ya saurara yana kaɗa biro. Da ya gama ya ce, "Wato makullan gidajen mutane ɗari biyu ka riƙe, ba rajista, ba suna, ba sa hannu?"

"Rajistar ga ta nan." Ya taɓa kansa.

"To ga shi rajistar ta cinye shafi ɗaya." Na bayansa suka yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar da ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa. Wannan ta fi masa zafi a kan kama wuyan riga.

Mai Agogo ne ya zo. Ya rufe shagonsa a tsakiyar cinikin rana, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da ya aurar da 'yarsa, ya shigo da hular abokinsa a hannu yana haki. Ya yi rantsuwa, ya kira ɗan mai ginin a waya ya yi shaida, aka je aka ba baƙuwar haƙuri ta bakin wani jagora. Aka saki Mai Makulli da gargaɗin kada a ƙara ganinsa a ƙofar kowa. Jami'in ya so riƙe makullin, Mai Makulli ya tsaya bai motsa ba, har jami'in ya gaji ya tura masa.

Suka hau layin. Sai da suka kusa shago Mai Agogo ya ce, "Da ka gaya mini, ai da na raka ka."

"Dokar ubana na karya. Ban so a samu mai shaida ba."

Ranar da wa'adi ya cika, mijin 'yarsa ya kawo mota aka kwashe kwaɗuna da sarƙoƙi da injin. Ɗan mai ginin ya zo sallama, ya ce masu askirim sun roƙa a bar musu allon, za su rataya masa makullai na ado, baƙi na son irin wannan. Mai Makulli ya ce a'a, ya ɗauko sukurudireba da kansa. Da ya kwance ƙusa ta ƙarshe ya jawo, sai katakon ya ruguje a hannunsa. Gara ta daɗe da cinye bayansa, fuskar ce kawai ke tsaye. Aka share garin katakon aka zuba a kwandon shara, shi kuma ya sa makullin a aljihun gaba ya fita bai waiwaya ba.

Rumfar bayan tasha ta yi kyau, an yi mata kanta sabuwa da rufin kwano. A makon farko tsofaffin mutanensa suka yi ta zuwa gaisuwa, wasu har da sayayya. 'Yarsa ta ce a ranta an gama. Amma a mako na biyu maƙwabta suka fara gaya mata rumfar ba ta buɗewa sai bayan azahar, lokacin da magina sun riga sun sayi abin da za su saya a wani wuri. Kullum da sassafe yakan fita, ya shiga mota biyu, ya koma tsohon layi, ya zauna a kan wata kujerar roba a ƙofar Mai Agogo, yana fuskantar tsohon shagonsa, har rana ta take.

Lokacin baƙi ya wuce. Masu askirim, bayan sun yi wa wurin fenti ruwan hoda sun yi ciniki na mako bakwai, suka ja ƙofar ƙarfe suka rufe sai baɗi. Cikin shago goma sha tara, shida ne ke buɗewa. Shi ma Mai Agogo an kawo masa takardar tashi, wata uku, ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin kofuna, ya daina zolayar kowa. Gidajen masauki duk a rufe, ba hayaƙin girki, ba kukan yaro, ba shanya a taga. Mutum zai iya tsayawa a ƙasan layi ya ji tarin wanda ke samansa.

Wata Laraba 'yarsa ta nemi hutu a wurin aiki ta bi shi. Ana yayyafi. Ta same shi a kan kujerar, ya rufa da wani buhun leda a kafaɗa, Mai Agogo na ciki yana gyangyaɗi. Ta gaishe shi, ta tsuguna a gabansa, ta daɗe tana kallon takalmansa da suka jiƙe.

"Baba, an ci mutuncinka a layin nan. An kore ka daga shagon kakanka. Ga rumfa can na jiranka, ga jikokinka. Mai makullin nan wataƙila ya mutu, wataƙila ya canza ƙofa tun shekara bakwai, wataƙila ya manta ya taɓa ba ka. Don Allah, me kake zuwa yi a nan kullum?"

Ya ɗan gyara buhun a kafaɗarsa, ya dubi rufaffiyar ƙofar da ke tsallaken layi, sannan ya dube ta.

"Duk abin da kika faɗa zai yiwu, Uwata. Amma ni ne na manta shi, ban da shaidar cewa shi ya manta ni. Mutumin nan bai san bayan tasha ba. Nan ya bar makullinsa, ranar da ya dawo kuma nan zai zo, da jakarsa, a gajiye. In ya tarar da ƙofa a rufe, ba kowa a layin da ya san shi, wa zai tambaya? Ki je kada ki jiƙe. In an yi azahar zan taho."